Hawa da Gangara: Wasiƙa ga Ɗana a Lozan

Mahaifiyarka ta gaya min ka matse bakin aljihu ka sayi keke mai batir, na hannu. Da muryar mai kawo ƙara ta faɗa min. Ni kuwa na ce mata yaro ya yi dabara. Kuɗin mota a Suwizalan ba wasa ba ne, mai keke kuma ba ya jiran kowa. Allah ya sa alheri, ya kiyaye hanya.

Don haka kwantar da hankalinka, ba cewa zan yi ka sayar ba. Na san ka iya keke. Tun ƙafarka ba ta kai feda ba kake satar na mahaifinka, ka zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda, kana tafe a karkace. Iyawa kam ka iya. Sai dai a Kano ka koya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Kano shimfiɗe take. In ka ɗauke Dala da Goron Dutse, sai ka yi ta tafiya ba ka ga abin da za a kira tudu ba. Daga Kurmi zuwa Sabon Gari, daga Ƙofar Nasarawa zuwa Bompai, in ka daina taka feda keke zai ɗan ja kaɗan ya tsaya don kansa. Abin da muka saba tsoro shi ne abin da ke kan hanya: ɗan adaidaita da zai ci birki ba sigina, akuyar da za ta tsallaka, rami, yashin da iska ta tara a bakin kwalta. Idonka ya goge da waɗannan. Amma ba ka taɓa zama a garin da ƙasar da kanta take tura keke ba.

Lozan a jikin tudu aka gina ta. Kai ka fi ni sani yanzu, tunda ƙafarka ce ke takawa kullum. Tafkin Leman yana kwance a wajen mita 372 sama da teku, unguwannin da ke can sama kuwa sun haura mita 800. Jirgin nan na cikin gari da suke kira M2, wanda aka buɗe a 2008, daga Ushi a bakin tafki yake tashi. Tsawon layin bai cika kilomita 6 ba, amma kafin ya kai ƙarshe ya hau fiye da mita 330. A wasu wurare, kowace mita 100 da ya yi gaba ya hau 12. Tayoyin roba aka sa masa saboda hawan. Na taɓa shigarsa lokacin da aiki ya kai ni Janeba, muka leƙo garin naku. A tashar da ke jikin babbar tashar jirgin ƙasa, dandamalin da fasinja ke tsayuwa shi kansa a karkace yake. Mai akwati mai taya sai ya riƙe abinsa, in ba haka ba akwatin ya kama gabansa. To, in jirgi guda sai da aka yi masa wannan tanadi, dubi tayarka mai faɗin yatsa biyu ka yi tunani.

Mai keken ƙafa, tudu yana yi masa gargaɗi. Yana hawa yana haki. Cinya na zafi, riga ta jiƙe. Wani lokaci ya sauka ya tura. Kafin ya kai sama jikinsa ya auna tudun tsaf. Ya san tsawonsa, ya san inda ya fi miƙewa. In ya juyo zai sauko, tun daga sama yatsunsa na kan birki, don ya san abin da ke gabansa. Mai batir ba haka ba. Ya taka kaɗan, inji ya ƙarasa. Ya isa sama ko gumi bai yi ba. Tudun bai gaya masa komai ba, sai ya ɗauka ai ba wani tudu ba ne. Hawan da batir ya yi maka bashi ne, ɗana, a gangara ake biya.

A gangara inji ba ruwansa da kai. Irin keken da aka fi hawa a Turai, inji yana taimakonka ne har gudun kilomita 25 a awa, daga nan ya janye hannu. Sai mutane su ɗauka keken ba ya wuce 25. A shimfiɗe kusan haka ne. A gangara kuwa nauyi ne ke ja, shi kuma nauyi bai san doka ba. A titin da ke sauka mita 10 a kowace 100, ko feda ba ka taɓa ba, nan da nan ka haura 40. Ga shi keken naka ba mara nauyi ba ne. Keken ƙafa irin na yanzu yakan tsaya a kilo 12 zuwa 15. Mai batir yakan kai 25, wani ma ya wuce. Ɗora kanka. Ɗora jakar littattafai da kwamfuta. Ɗora cefanen mako. Duk wannan kaya 'yar robar birki ce za ta tsayar da shi, ita kuwa tsawonta bai wuce ɗan yatsanka ba.

Bari in yi maka ɗan lissafi. Kai ne mai karatun zamani, amma ka yi haƙuri da kawunka. Mai gudun kilomita 25 a awa yana cin kusan mita 7 a kowane sakan. Mai gudun 40 yana cin 11. Tsakanin ido ya ga abu da hannu ya matse birki, sakan guda ya tafi, in ma hankalinka na kan hanya ke nan. Wato ka wuce tsawon motoci biyu ba ka fara tsayawa ba. Bayan haka, in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata ninki huɗu yake yi. Inda mai gudun 20 zai tsaya, mai gudun 40 sai ya yi huɗun wannan. A gangara abin ya fi haka, tunda kana riƙewa ƙasa na turawa. In an yi ruwa, shi ma ya ƙara nasa.

An ce min ɗakinka a sama yake, makaranta kuma tana can yamma kusa da tafki. Wannan ya fi komai tsaya min a rai. Ka ga da safe za ka riƙa sauka, da yamma ka hau. Safiya ita ce lokacin da ka makara, malami ya kusa shiga aji, barci bai gama sakin ka ba, yatsunka sun ƙage da sanyi, titi kuma bai ga rana ba. A daidai wannan lokaci ne gari ya miƙa maka gangara. Da a ce akasin haka ne, da na fi samun barci. Tunda ba za mu iya juya garin ba, sai ka juya agogonka. Fita da sauran minti goma a hannu. Sannu ba ta hana zuwa.

Birkin gangara daga sama ake fara shi. Kada ka bari gudu ya taru sannan ka ce za ka rage. Ka kama birki biyun tare, a hankali, ba fizga ba. Na gaba shi ne mai ƙarfin tsayarwa, shi ne kuma mai jefa mutum ta saman kan keke in an damƙe shi a firgice. Ja mazauninka baya kaɗan a kan sirdi. In kwana na gabanka, rage gudu kafin ka shige ta. Cikin kwana ba wurin matse birki ba ne, nan taya ke zamewa. In gangarar doguwa ce, kada ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa ba saki. Yana ɗaukar zafi, in ya yi zafi kuma kamunsa na raguwa. Matse, saki, matse. Wani abu ƙarami kuma: a yawancin kekunan ƙasashen nan hannun hagu ne ke kama tayar gaba, a Ingila kuwa dama ne, haka ma a babur. Kai da ka saba da baburan gida, hannunka na iya yi maka gardama ranar da ba ka shirya ba. Tsaya a tsakar gida, tura keken, matse ɗaya bayan ɗaya, ka ga wace taya ce ke tsayawa. Maimaita har hannu ya haddace.

Hawan ma yana da nasa. Direban mota ya yi shekaru yana ganin masu keke a jikin tudu suna jan jiki, gudunsu bai fi na mai sassarfa ba. Idonsa ya saba da haka. Ya hango ka daga nesa kana hawowa, ya ce kafin wannan ya iso ai na shige. Sai ya karya kan mota ya gitta ta gabanka. Bai san da 25 kake tafe ba. Ba mugunta ba ce. Lissafin da ya daɗe yana fita daidai ne ya yaudare shi yau. Keke mai batir ba shi da wata alama daga nesa, ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Tun daga watan Afrilun 2022 dokar Suwizalan ta ce kowane keke mai batir ya kunna fitila ko da rana tsaka. Kunna taka, ba don ɗan sanda ba. A mararraba kuma ka nemi idon direba. In ba ku haɗa ido ba, ɗauka bai gan ka ba.

Babbar mota kuwa ka ba ta girmanta. Direbanta yana can sama, akwai wurare a gefensa da madubi ba ya nuna masa. In ta tsaya a danja, kada ka kutsa tsakaninta da bakin titi. In ta sha kwana dama, tayoyin bayanta suna yanke hanya, su bi ta daidai inda kake tsaye. Abin ya ci mutane a Landan har sai da aka kafa doka, aka fara aiki da ita a 2021, cewa motar da ta haura tan 12 ba ta shiga gari sai an tabbatar direbanta na iya ganin na gefensa. Tsaya bayanta. Sakan goma ne. A shataletale kuma, shawarar da masu kula da hanya na ƙasar ke bayarwa ita ce mai keke ya bi tsakiyar hannunsa, kada ya raɓe a gefe. Na san zai yi maka kama da rashin kunya, mu da aka koya wa ba mota hanya. Ba rashin kunya ba ne. A tsakiya ake ganin ka. Motocin da aka ajiye a bakin titi su ma ka ba su tazarar mita guda, musamman kana sauka. Ƙofa tana buɗewa ba sallama.

Sannan ƙasar da kake takawa ba ɗaya ba ce duk shekara. Mu damina da rani muka sani, taɓo da yashi. Can kuwa kowane wata da irin santsinsa. In ganye ya zuba ruwa ya jiƙa shi, sai ya manne da kwalta, ka ɗauka hanya ce. Duwatsun da aka jera a titunan tsohon gari, wajen babbar majami'ar nan, kyau gare su a hoto, amma in sun jiƙe ba su da amana. Haka murfin ƙarfe na magudanar ruwa, haka farin fentin da aka zana a titi. A irin waɗannan wurare ka rage ƙarfin taimakon inji. In ka bar shi a na ƙarshe, kana taka feda zai zabura, tayar baya ta juya a banza, keken ya fice daga ƙarƙashinka.

Ƙanƙarar da ta fi haɗari ba ita ce farar da ake gani ba. Akwai wata siririya da ke kwanciya a kan kwalta da asuba, ba launi, sai dai ka ga titi na ɗan ƙyalli. Gada ce ke riga ko'ina daskarewa, don iska mai sanyi na bi ta samanta da ƙarƙashinta. Garinku kuwa garin gadoji ne, an ɗinke tudu da tudu da su. Kuma saboda bambancin tsayi, sai a yi yayyafi a bakin tafki alhali a unguwannin sama dusar ƙanƙara ce ke zuba. Tafiyar minti ashirin, yanayi biyu. Kada ka leƙa taga a makaranta ka yanke hukuncin yadda ƙofar gidanku take. Akwai kuma iskar nan mai sanyi da ke busowa daga arewa maso gabas, ta inda hunturunmu ke fitowa. In ta taso, a kan gada da bakin tafki takan ture mai keke gefe. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar na yamma, ka ga komawarka gida cikin duhu ne. Na san ku samari da baƙar riga. Sa wani abu mai ɗaukar ido a kai, ko ɗamara ce. Ranar da ƙanƙara ta kwanta sosai, bar keken ya huta, ka bi jirgi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sanyi yana cin batir, hawa ma yana ci. Cajin da zai kai ka nesa a bakin tafki da bazara ba zai kai ka rabin haka ba a jikin tudu da hunturu. In ya mutu a tsakiyar hawa, ka zama mai tura kilo 25 cikin duhu. Cire shi ka shiga da shi ɗaki. Yi masa caji da cajarsa ta asali, kana farke, kuma ba a bakin ƙofar fita ba.

In ka je Janeba ko Zurik ko Basel, za ka ga jiragen da ke bin tsakiyar titi a kan dogo. Dogon a nutse yake cikin kwalta, da ɗan rami a jikinsa, faɗinsa daidai shigar tayar keke. In taya ta faɗa ciki, kan keke ya daina jin maganarka. A Edinbara ta ƙasar Sikotlan, tun da aka shimfiɗa irin wannan dogo masu keke da dama suka faɗi. A watan Mayun 2017 wata ɗaliba 'yar Malesiya mai karatun likita, baƙuwa a garin, tayarta ta maƙale a dogo, ta faɗi, motar da ke bayanta ta bi ta kanta. Iyayenta karatu suka tura ta. Allah ya kiyaye mana ku. In za ka tsallake dogo, gitta shi kai tsaye, kada ka bi shi a karkace. In babu sararin yin haka, sauka ka tura. Ba wanda zai yi maka dariya, in ma an yi ba ciwo.

Kada kuma ka ce to matsalar duk ta tudu ce, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa lafiya lau. Dubi Holan. Ƙasa ce a baje, wani sashenta ma yana ƙasa da teku, kekuna sun fi mutane yawa. Ba haka kawai suka wayi gari da aminci ba. A 1971 mutum fiye da 3,000 ne suka mutu a hanyoyinsu, yara fiye da 400 a ciki. Iyaye suka fito titi suka ce ya isa. Tsadar man fetur ta 1973 ta zo ta ƙara musu dalili. Suka shiga gina wa keke hanyarsa daban, har yau suna da wajen kilomita 35,000. Wani mai bincike, Peter Jacobsen, ya nuna a 2003 cewa inda masu keke suka yi yawa, haɗarin da ke kan kowane ɗayansu yana raguwa, don direbobi sun saba sa ran ganinsu. Ka ga ke nan yanayin ƙasa ba tudu da kwari kaɗai ba ne. Har da abin da mutane suka gina a kai, da abin da idonsu ya saba gani.

Duk da haka, a 2022 masu keke kusan 290 ne suka rasu a Holan, sun fi waɗanda suka rasu cikin mota yawa. Akasarinsu dattawa ne da suka haura shekara 60. Da yawa daga masu jin mummunan rauni kuma ba mota ce ta buge su ba. Wani gefen titi ya taɓa. Wani ƙarfen da aka kafa don hana mota shiga ya ci karo da shi. Wani wajen hawa ko sauka ne keken ya rinjaye shi. Batir ya mayar wa tsofaffi hanyar da gwiwa ta ƙwace musu, wannan kuwa alheri ne, ni da nake jin tawa gwiwar na san darajarsa. Amma ya ba su gudun samari da ƙashin tsufa. Masu bincike a can sun lura cewa shekarun mahayi da yawan tafiyar da yake yi su ne ke bayyana kaso babba na abin da ake ɗora wa keken. Wato a ƙasa mai shimfiɗa, rauni ya fi bin wanda ke kan sirdi. A ƙasa mai tudu, yana bin inda sirdin ya nufa. Kai ƙuruciya na gefenka, gari ne ba ya gefenka.

Shi ya sa nake roƙonka kada ka yi koyi da hotunan mutanen Amstadam ta Holan da kake gani, kai ba hula, hannu ɗaya riƙe da laima. Ƙasarsu ta ba su wannan dama, hanyarsu ma ta ba su. Taka ba ta ba ka ba. Dokar Suwizalan ba ta tilasta hular kwano ga babba mai irin kekenka ba. Ni na tilasta. Saya wadda ta zauna daidai kanka, ka ɗaure igiyar, don hular da ba a ɗaure ba ita ke riga mai ita isa ƙasa. Kan nan shi muka tura karatu.

Wata rana abokai za su ce a fita bayan gari, a je gonakin inabin nan na Labo da ke gabas da ku, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2007. Je ka, wuri ne mai kyau, tafiya mabuɗin ilimi. Amma ka sani bayan gari lissafinsa daban. A cikin gari karo ya fi yawa, a bayan gari ya fi muni. A gari mota na tafe a hankali, mararraba ce ke haɗa ku. A waje kuwa dokar ƙasar ta ba ta har kilomita 80 a awa. Wanda mota ta buga tana gudun 30 yawanci yakan tashi. Wanda ta buga tana 80 sai dai addu'a. Hanyoyin cikin gonakin ƙanana ne, katangar dutse hagu da dama, kwana ba ka ganin bayanta, tarakta na iya fitowa. Ido kuma yana kan tafki da duwatsu masu farin kai, ba ya kan hanya. In kana son kallo, tsaya ka kalla. Asibiti ma ya yi nisa, motar asibiti sai ta ɗau lokaci. Lambarta 144, sa ta a wayarka yau. Ka gaya wa wani inda ka nufa. Batir yana kai mutum inda ƙwarewarsa ba ta kai ba. Da, wanda ya hau dutse da keke sai wanda ya yi shekaru yana koyo, kafin ya iya hawa ya iya sauka. Yanzu kowa na iya hawa. Saukar ce ba a sayarwa a kanti.

'Yan kasuwarmu masu zuwa Gwanju a ƙasar Sin suna ba da labarin wani iri kuma. Can kekuna masu batir sun haura miliyan 300 a faɗin ƙasar. Tsakiyar garin ba tudu, amma ga cunkoso, ga masu kai abinci da agogo ke kora. Tun 2019 hukuma ta ƙayyade gudun keken a kilomita 25. Na kawo wannan ne don wata rana kana iya cewa za ka ɗan taɓa aikin kai saƙo, a samu na cefane. Neman halak ba abin kunya ba ne. Amma ka haɗa agogon mai saye da gangarar Lozan da ruwan sama, ka ga abin da zai fito. In ka samu wani aikin, ko shara ce a ɗakin karatu, ni shi na zaɓa maka.

Za kuma a samu wani aboki mai wayo da zai ce ya san yadda ake kwance wa inji takunkumi ya wuce 25. Gode masa, ka wuce. Ƙasar tana da rukunin keke mai gudun 45, amma shi sai da lamba ruwan ɗorawa, da lasisi, da hular kwano dole. Wanda aka kwance a ɓoye ba ya nan ba ya can. Birkinsa ba don wannan gudu aka yi shi ba. In wani abu ya faru, inshora na iya juya maka baya, kai kuma baƙo ne mai zaman takarda. Na san za ka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma ai an ce tashi in taimake ka.

Baƙo ko da ido makaho ne, don haka ka koyi hanyarka kafin ka dogara da ita. Ranar Lahadi da safe, gari shiru, bi ta daga ƙofar gida har makaranta a hankali. Lura da inda gangara ta fi tsanani, inda mota ke fitowa daga lungu, inda inuwa ke hana titi bushewa. Taswirar waya gajeriyar hanya take nunawa, a gari mai tudu kuwa gajeriyar ita ce mai tsananin gangara. Sau da yawa akwai wata da ta fi tsawo kaɗan, tana sauka sannu a hankali, ko wadda za ta kai ka bakin tafki da wuri ka ƙarasa a shimfiɗe. Tambayi mai gyaran keke na unguwarku, su suka san inda ake faɗuwa, tunda gare su ake kai ɓarnar.

Tunda keken na hannu ne, ba ka san tudu nawa mai shi na farko ya sauka da shi ba. A gari irin naku robar birki ba ta daɗewa. Kai shi a duba maka ita, da waya ko man birkin, da ƙwarin taya, tun kafin sanyi ya yi nisa. In an gama ka ɗauko min hoton birkin, gaba da baya, kusa-kusa yadda zan ga kaurin robar. Ka haɗa da na hular a kanka.

Kawunka.